Shekarar da na yi a bencin Paris

Hadiza, Bashir da Nana, akwai wata magana da kuka tashi da ita a gidan nan, wadda na daɗe ina ji ina kawar da kai. Ranar sunan ɗan Bashir na sake jin ta, yana gaya wa surukansa wai mahaifiyarku ce ta janyo ni daga Paris ta dawo da ni Lyon, ba don haka ba da yanzu ana ganina a talabijin ina ba manyan 'yan wasa umarni. Mutane suka yi dariya, ita ma mahaifiyar taku Zuwaira ta yi, ta ci gaba da raba waina. Ban tanka ba don gida cike yake da baƙi. To yanzu na ajiye aiki, ga lokaci ga alƙalami, gara in faɗa muku yadda abin ya kasance tun ina iya tuna shi daki-daki.

Kun san daga Damagaram na zo garin nan ina saurayi, na karanci ilmin motsa jiki, jami'a ta riƙe ni ina koyarwa. Da safe aji nake shiga, amma zuciyata tana wurin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ɗalibai da nake horarwa da yamma. Ba ƙungiyar a zo a gani ba ce. Wani likitanci yake karanta, wani shari'a, wani ya zo daga Agadas bai taɓa sa takalmin ƙwallo ba sai a hannuna. Duk wanda na wahala a kansa har ya fara iya wasa, sai ya gama karatu ya ɗauki jakarsa, in koma sabon lale. Ina son su, amma a lokacin ina ganin wannan share fage ne kawai. Ainihin aikin yana can wurin ƙwararru, inda fili ke cika har a rasa masaka tsinke.

Shi kuwa Dakta Bulus, wanda kuke kira Tonton, wato kawu da Faransanci, a wurin wani mahauci na unguwar Guillotière muka haɗu. Ina riƙe da Hadiza tana jaririya ina rarrashinta da Hausa, sai na ji murya daga sama, don Allah ya yi shi dogo kamar giginya.

"Malam, ashe akwai mai jin yaren mutane a garin nan."

Mutumin Jos ne, Kirista, ya yi karatu a Amurka, ya zo Lyon aikin binciken magunguna. Tun daga ranar nan, kowace Lahadi in sun taso daga coci shi da matarsa Saratu, gidanmu suke sauka. Saratu ta zo da gwate, Zuwaira ta yi dambun zogale ko tuwon shinkafa, a shimfiɗa tabarma a falo don Dakta ya ce ƙafafunsa ba sa shiga ƙarƙashin teburinmu. Allah bai ba su haihuwa ba, shi ya sa kuka zama nasu kamar yadda kuke namu. Ba mu taɓa musu a kan addini ba, Nijar da Nijeriya ma sai dai tsokana. Musunmu ɗaya ne: a tarihin wasanni, wa ya fi kowa iya horarwa. Mu 'yan Nijar antirenar muke cewa, shi koci yake cewa, har na ari tasa don ta fi sauƙi a baki. Ba zan jera muku sunayen da muke jifan juna da su ba, kuna da waya a hannu, kuma in na jera Bashir zai ce na manta wani. Ni dai ina bayan manyan kocin ƙwararru na ƙwallon ƙafa, waɗanda suka tara kofuna a Turai. Shi yana bayan kocin jami'o'in Amurka na ƙwallon kwando, don ya buga a 'yar ƙaramar jami'ar da ya yi, kuma har lokacin in zai ambaci mutumin da ya horar da shi sai ya ajiye cokali.

"Malam Isuhu, naka kocin ɗan kasuwa ne," in ji shi. "In mai tsaron gida ya lalace a sayo masa wani. Wannan ai ko Saratu za ta iya. Nawa kuwa ɗanyen yaro ake kawo masa, ƙafa nan hannu can, bai san damansa da hagunsa ba. Ya gyara shi, ya tsare shi ya yi karatu, yana nuna a tsinke shi. Kuma ya sake cin kofi da waɗanda suka biyo baya. Wa ya fi, mai noma ko mai awo?"

"Dakta, ɗanyen yaro ko harara ka yi masa ya bi," na ce. "Je ka tsaya gaban mutanen da kowannensu ya fi ka dukiya, kowannensu yana da 'yan jaridarsa, ka ce wa mafi shahara a cikinsu yau benci za ka zauna, kuma ya zauna. Kiwon tumaki daban, kiwon zakuna daban. Naka in ya faɗi wasanni a jere a ce Allah ya kai mu baɗi. Nawa kafin ya isa gida an naɗa wani."

"Shi ya sa nawa yake gina mutum, naka yana gina kantar ajiye kofi."

Haka za mu yi ta yi har shayi ya huce. Zuwaira takan leƙo daga madafa ta ce ita kocin da za ta sara wa shi ne wanda zai iya tayar da mu biyu mu wanke kwanuka. Saratu ta ce wannan ba a haife shi ba tukuna. Da Dakta ya ga ba zai ci ni da baki ba sai ya bi ta bayan gida: ya saya wa Hadiza ƙwallon kwando tun tana 'yar firamare, yana kai ta filin da ke bakin kogi yana koya mata jifa. Ya ce tunda ya rasa uban zai ɗauki 'yar. Kafin shekarar da nake ba ku labari, ta shiga ƙungiyar 'yan mata ta unguwa, ta fara fina tsawo.

A farkon kakar wasa ta wannan shekarar wani da muka yi aji ɗaya ya kira ni. Ya ce wani kulob na ƙwararru a yankin Paris yana neman mai kula da ƙarfin jikin 'yan wasa, mataimaki ga babban koci, kuma ya ba da sunana. Babban kocin nan yana cikin mutanen da nake jifan Dakta da sunansu. A nan zan kira shi Tsoho, yadda 'yan wasansa ke kiransa a bayan idonsa. Na ajiye waya, na nemi hutu a wurin aiki. Jami'a ta yarda in ɗauki hutun shekara guda. Da na gaya wa Zuwaira, ina ta kewaye-kewaye don ina tsoron ta ce wa zan bar wa yara uku, sai ta katse ni.

"Baban Hadiza, tun da na aure ka kake horar da mutanen nan daga kan kujerar falo. Je ka horar da su ido da ido, ko ma huta. Ga Yaya Laminu a Aubervilliers, ba za ka rasa wurin kwana ba."

Abin da ya rage shi ne ɗalibaina. Jami'a ta ce ba ta da wanda za ta sa a gurbina, sai dai a dakatar da ƙungiyar har in dawo. Na faɗi haka ranar Lahadi muna cin abinci, raina ba daɗi. Dakta ya suɗe hannu, ya ce shi zai riƙe su. Na ce Dakta, ba ka san ko mutum nawa ke shiga fili ba. Ya ce ai ba ƙwallo zai koya musu ba, mutane zai gina, kuma wannan ce damar da zai nuna mini abin da yake faɗa duk shekarun nan. Na miƙa masa usur, yara suna ta dariya, ya rataya shi a wuya a kan rigar cocinsa.

Alhaji Laminu, yayan mahaifiyarku, ya karɓe ni hannu bibbiyu. Gidansa yana bayan manyan ɗakunan ajiyar kaya na 'yan sari, inda tun asuba ake jin ƙarar amalanken ƙarfe da muryoyin 'yan Sin da 'yan Mali. Bai damu da ƙwallo ba ko kaɗan, amma ya bi duk maƙwabtansa yana cewa surukinsa ne ke riƙe da kulob ɗin gaba ɗaya, Baturen kocin nan suna kawai gare shi. Da sassafe in shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na bakwai, in sauya, in isa filin atisaye. Ranar da na fara zama a benci a wasan gaske, da 'yan kallo suka ɗauki waƙa, sai na ji bencin yana girgiza a ƙarƙashina. Na tuna filin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram inda muke buga ƙwallon tsumma ba takalmi. Na sunkuyar da kai kamar mai ɗaure igiyar takalmi don kada kyamara ta kama ni ina share ido. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin wannan shekara ƙwarai, kuma duk wanda ya ce muku wahala ce ta koro ni bai san zancen ba.

Tsoho kuwa ya fi yadda nake faɗa a falo. Gajere ne, ba ya ɗaga murya, kullum da alewar na'ana'a a baki. Wata rana aka lallasa mu a gida. Ya fita gaban 'yan jarida ya ce laifinsa ne, shi ya tsara wasan ba daidai ba, alhali kowa ya san wani shahararren ɗan wasan gaba ne ya ƙi gudu. Washegari ina kallo ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Ya dafa wa wani kafaɗa ya tambayi jikin mahaifiyarsa. Ya yi wa wani faɗa har kunnensa ya yi ja. Shi kuwa shahararren ko kallonsa bai yi ba, ya wuce shi kamar turke. Mutumin da duniya ke kallo, rashin kallon mutum ɗaya ya hana shi sukuni. Kafin mako ya zagayo shi ne na farko a fili, shi ne na ƙarshen fita. Na kira Dakta na ce ga kiwon zakuna na gani da idona.

Amma shi Dakta ba ya cikin yanayin musu, nasa ya ishe shi. Kusan kullum sai ya kira ni, ko gaisuwa ba ma gamawa.

"Malam Isuhu, yaran nan naka. Rabinsu ba su zo ba, wai jarrabawa. Mai tsaron gida ya samu budurwa, yana tsaye a raga hankalinsa yana tashar jirgin tiram. Kuma me ya sa alƙalin wasa ya ƙi ba ni hutun minti ɗaya in yi musu magana?"

"Dakta, babu wannan a ƙwallon ƙafa."

"Na fitar da wani ya huta, na ce ya koma, an hana."

"Wanda ya fita ya fita ke nan."

"Wannan wane irin wasa ne marar tausayi?"

Duk da haka bai bar su sun watse ba. Ya sa wa kowa dokar kawo sakamakon jarrabawarsa kafin ya taɓa ƙwallo. Saratu ta riƙa soya musu ƙosai. Suka faɗi da yawa, suka ci kaɗan, amma na ji labarin wasu ma da ba 'yan ƙungiyar ba sun fara zuwa saboda ƙosan da kuma dogon mutumin da ke yi musu ihu da Turanci da Faransanci da Hausa a haɗe.

Ni kuma a Paris, sannu a hankali na fara gane wani abu game da kaina. Aikina shi ne auna bugun zuciya, tsara gudu, sanin wanda cinyarsa ke neman tsinkewa kafin ta tsinke. Na iya aikin, Tsoho ya yaba. Sai dai mutanen nan sun riga sun iya komai. Babu wanda zan nuna wa yadda ake tare ƙwallo da ƙirji. Babu wanda zai yi abu yau wanda jiya bai iya ba, ya juyo yana nemana da ido. In mun ci murna ce babba, amma murnar dubban mutane ce, ni ɗan gutsure na samu. Ban faɗa wa kowa wannan ba, musamman Dakta.

Da sanyi ya fara ja baya, Tsoho ya ce in kai shi inda mutanena ke cin abinci. Na kai shi unguwar Château Rouge, wani ɗan gidan abinci a bayan masu sayar da atamfa. Ya ci shinkafa da miyar gyaɗa yana gumi yana ƙari. Da ya ƙoshi ya ce in ƙarshen kaka ya zo zai bar Faransa. Wani kulob a ɗaya daga ƙasashen Larabawa na Gabas ya kira shi, kuma mutum biyu kawai zai tafi da su, ni ne ɗaya. Wannan karon ba mai auna zuciya ba, mataimakinsa na kusa. Za a ba da gida, a kawo iyali. Ya ce in je in yi shawara da matata.

Ranar Juma'a na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Ban taɓa ganin mahaifiyarku ta yi farin ciki irin na ranar ba. Ku ba ku sani ba, don ba ta kuka a gabanku, amma sanyin ƙasar nan ya daɗe yana cin gwiwoyinta, har in hunturu ya yi tsanani a zaune take salla. Ta ce rana, Baban Hadiza, rana kullum. Ta ce ga Makka kusa, Umara kamar zuwa Maraɗi daga Damagaram. Ta fara lissafa abin da za ta ɗauka da abin da za ta bar wa Saratu. Muka yi shawara kada a gaya wa yara sai magana ta tabbata.

Ranar Asabar Hadiza tana da wasa, na je ni da Dakta. Rabona da ganin wasanta tun kafin in tafi Paris. Yarinyar da na bari tana jifa tana rufe ido, sai na ga ita ke riƙe da ƙungiyar. Tana nuna wa wannan inda za ta tsaya, tana kiran waccan, in ta karɓi ƙwallo 'yan ɗaya ɓangaren biyu suke zuwa mata. Bayan wasa kocinsu, wata mata mai furfura da ke aikin jinya da rana, ta zo ta ce mini an zaɓi Hadiza cikin 'yan matan da za su wakilci yankin, kuma in ta ci gaba a haka ƙofofi za su buɗe mata. Hadiza tana tsaye bayanta, gumi yana zuba, tana kallona ta ga me fuskata za ta ce. Na fita waje na kira Tsoho na tambaye shi ko a garin da za mu akwai ƙungiyar 'yan mata. Ya ce gaskiya a saninsa, a lokacin, babu.

Ranar Lahadi da safe ɗalibaina suna da nasu wasan, Dakta ya yi coci na farko ya taho. Na tsaya bayan wayar shingen fili ina kallo. Tsari dai babu shi, kowa yana bin ƙwallo kamar kaji sun ga tsaba, Dakta yana gefe yana ɗaga hannuwa sama. Can sai aka ɗago wata doguwar ƙwallo wajen Gumar, ɗan Agadas ɗin nan da na ce muku bai taɓa sa takalmi ba sai a hannuna. Shekara biyu ina fama da shi a kan abu ɗaya, ya daina tsoron ƙwallon sama. Ya tare ta da ƙirji, ta sauka a ƙafarsa kamar an ajiye, ya juya ya ba na kusa da shi. Ba a ma ci ba. Amma ya waiwayo ya hango ni bayan waya, ya buga ƙirjinsa yana dariya. Abin da na ji a lokacin, babban filin Paris cike da mutane bai taɓa ba ni shi ba.

Da la'asar, bayan baƙi sun tafi, ku kuma kun fita, na samu Zuwaira a madafa na gaya mata duka biyun, na Hadiza da nawa. Ta daɗe tana goge tukunya ɗaya.

"Yarinya za ta yi karatu ko'ina," in ji ta. "Ƙwallo ba aure ba ce, ba aiki ba ce."

"Ba ki gan ta jiya ba."

"Ni wa ya gan ni? Shekara nawa ina hawa benen nan da gwiwoyin nan?"

 Na ce mata in ta ce a tafi, za a tafi, kuma ba zan taɓa yi mata gori ba. Ta ajiye tukunyar ta zauna a kan kujera. Ta tambaye ni in babu zancen Hadiza fa, ni kaina me nake so. Na ce ina son in koma wurin yaran da ba su iya ba. Ta yi 'yar dariya ta ce ashe Dakta ya ci ni ke nan. Na ce wannan kuma kada ya ji.

"To ka zauna," in ji ta. "Namiji da zuciyarsa ba ta wurin aiki, ko a Makka aka ajiye shi fitina ne. Amma sharaɗi ɗaya. Kada yarinyar nan ta taɓa sanin da ita a cikin dalili. In ta sani, duk ƙwallon da ta jefa ta kuskure za ta ga ta ci amanar ubanta. In sun tambaya, ka bar su su ce ni ce."

Haka aka yi. Daga baya kuka ji ƙishin-ƙishin ɗin tayin, kuka haɗa da kanku cewa Mama ce ta hana, ita kuma ta bar ku a kai. Hadiza, yau da kika gama buga naki wasan, kika zama mai horar da wasu, na tambaye ta izini kafin in rubuta wannan. Ta ce yanzu kin yi ƙwarin da za ki ɗauka. Kuma ki lura, rabin dalilin ne naki. Ɗaya rabin son raina ne.

Na koma Paris na ƙarasa kakar. Da na gaya wa Tsoho, ya juya alewarsa a baki, ya ce ya yi tsammani, don ya lura idona ya fi haske in ina wasa da 'ya'yan masu gyaran fili fiye da in ina tare da taurarinsa. Ya ce shi ma da ƙananan yara ya fara, kuma ba a tambaye shi ba ya ƙara da cewa bai san ko ya fi iya aiki yanzu ba, ya dai fi iya tsira. Wanda ya tafi da shi a madadina, wani matashi ne da muke raba ofis. Shi ne wanda kuke gani yanzu a talabijin da kwat, yana riƙe da babban kulob. Ba zan ce muku ban taɓa jin komai ba in na gan shi. Nakan ji, musamman in ya yi canjin da ni ba zan yi ba. Ban sake zama a bencin ƙwararru ba har na ajiye aiki. Alhaji Laminu ya yi wata guda ba ya ɗaukar wayata, don na kunyata shi gaban maƙwabta.

Lahadin farko bayan na dawo, aka shimfiɗa tabarma. Na shirya in ji Dakta yana cika baki, sai na ga ya rame, ya yi laushi. Ya ce shekara guda da ɗalibai ta sa ya fara tunanin watakila kocin da yake yabo ba waliyyai ba ne, mutane ne da ba su da wurin gudu. Ya ce shi yanzu da za a ba shi mutanen da ke zuwa atisaye a kan lokaci, ko zakuna ne zai kiwata. Na ce a'a Dakta, kada ka raina masu noma. Ya dube ni, ya dubi Zuwaira.

"Maman Hadiza, me aka ba mutumin nan ya ci a Paris?"

"Miyar gyaɗa," in ji ta.

Kafin a ɗauke kwanuka kowa ya koma gidansa na da, don musu in babu ɓangare biyu ba ya daɗi. Har yau da ya koma Jos muna yi ta waya, kuma har yau ban sallama masa ba. Abin da na rubuta a nan game da Gumar, in ɗayanku ya karanta masa, ban yafe ba.

Da hunturu ya dawo, Hadiza ta fara buga wa yankin. Wasanta na farko a wani zaure aka yi a bayan gari, mai sanyi kamar randa. Ina sa takalmi zan fita sai na ga Zuwaira ta fito da mayafi biyu da bargo a hannu. Ba ta taɓa zuwa kallon wasa ba, nawa ko na kowa. Ta ce tunda ta sayar da rana ta sayi wannan, gara ta je ta ga kayan da ta saya. Muka hau tiram, muka sauya bas. Ta zauna tsakanina da Dakta, bargo a gwiwa, tana tambayarsa me ya sa aka hura, me ya sa wannan jifar ta fi waccan maki. Kafin a je hutun rabin lokaci ta daina tambaya ta fara ba da umarni. Da Hadiza ta jefa wata daga nesa ta shiga, na juya in yi mata magana, sai na ga bargon a ƙasa, ita kuma tana tsaye. Ba ta sake zama ba har aka tashi. A hanyar dawowa ba ta iya hawa bas ba sai da ni da Hadiza muka riƙe ta, tana dariya tana cewa mu yi a hankali.

Daga ranar nan ba ta sake fashin wasan gida ba, hunturu bayan hunturu, har Hadiza ta daina bugawa. Gwiwoyin kuwa ba su warke ba, kun dai ga yadda take tafiya yanzu. In kun zo gida, kafin ku tambaye ni labarin Paris, ku fara durƙusawa ku gaishe ta da jiki.